Tsawa da Katifun Yaya Babba

A layin masu gyare-gyare, tsakanin shagon tela da rumfar mai walda, an yi wani mai gyaran fanka da dutsen guga da ake kira Tsawa. Ba wanda ya raɗa masa sunan. Shi ya rubuta abinsa da jan fenti a ƙofar shago, ya kuma daina amsa duk wani kira da ba wannan ba, har mutane suka gaji suka bi shi a haka.

Tsawa mayen kiɗan rok ne, kiɗan nan na Turawa mai jita da ihu. Ƙungiyoyi uku yake mutuwar so, kuma da yake sunayensu sun fi ƙarfin harshensa, sai ya sa musu nasa. Akwai 'Yan Suma, waɗanda ba a taɓa ganin fuskarsu ba sai gashi. Akwai Masu Ciwon Haƙori, saboda yadda mawaƙinsu ke dafe muƙamuƙi yana kurma ihu. Sai kuma Tsofaffin Banza, wasu dattawa huɗu masu ɗamammen wando, waɗanda ya ce duk duniya ba a yi kamarsu ba. Ko kalma ɗaya ba ya ji a waƙoƙinsu, amma in ka yi gangancin tsayawa, zai fassara maka su tas.

"Ka ji nan wurin?" in ji shi ga Tela wata rana. "Cewa yake an sace masa babur."

"Jiya ka ce cewa yake budurwarsa ta gudu."

"To ai da babur ɗin ta gudu. Kai dai ɗinki kawai ka sani."

Ban da rok, wayarsa cike take da kiɗan fina-finai, kuma kowa a layin yana da nasa. In mai gidan haya ya doso, sai ka ji kiɗan shigowar mugu. In mai walda ya fito da tabaransa na aiki, sai na fim ɗin sararin samaniya. In matarsa ce tafe, kiɗan yaƙi yake sa wa, amma a hankali, kuma yakan kashe tun tana nesa. Sauran lokacinsa kuwa bidiyon wasannin rok yake kallo a intanet, fankokin mutane na jibge a bayansa suna tara ƙura. Ya ce ya kalli sama da dubu, kuma duk wanda ya kalli dubu, takardar shaida kawai ta rage a miƙa masa.

Ranar wata Litinin yayar matarsa, wadda duk dangi ke kira Yaya Babba, ta zo karɓar fankarta da ta kwana arba'in a shagon. Ta yi ritaya daga aikin jinya, ta tattara duk abin da ta samu ta zuba a shagon sayar da katifa a bakin babban titi, kuma ranar Asabar za ta buɗe.

"Baban 'yan biyu, ko ka san wanda zai ɗan ɗaukar mini bidiyo na talla?" in ji ta. "Ba wani abu mai yawa ba. A nuna katifun, a sa ɗan kiɗa mai sanyi, shi ke nan."

Tsawa ya ajiye sukundireba a hankali, ya dube ta kamar ta zage shi.

"Yaya, ina zaune kike neman wani? Ni da na san kiɗan fim kamar tafin hannuna? Bidiyo ma kaɗai? Ai ranar Asabar ɗin ma ni zan riƙe miki. Wasan rok zan yi a ƙofar shagon, kai tsaye a intanet. Kafin la'asar sai kin rasa katifar da za ki zauna a kai."

"Ka iya kiɗa ne?"

"Yaya, tambayi layin nan."

Yaya Babba ta leƙa ta dubi Tela. Tela ya sunkuyar da kai ya shiga neman allurar da ke maƙale a bakinsa.

Ita dai mace ce mai kunyar suruki, sai ta ce to. Fankar kuwa ba ta samu ba.

Ranar Laraba Tsawa ya isa shagon katifa da mai walda. Ya rufe tagogi, ya kashe ƙwayayen lantarki, ya kunna tocila ɗaya, wai haka manyan masu fim ke yi. Ya sa mai walda ya miƙe a kan katifa, ya lulluɓe shi da farin zanen gado tun daga kai har idon sawu, don a nuna daɗin barci. Sannan ya riƙa takowa da waya a hankali daga bakin ƙofa har kan gadon. Da ya zo zaɓen kiɗa, ya saurari masu sanyi ya ce duk na ragwaye ne. Ya ɗauko wani daga fim ɗin ban tsoro, mai ƙarar ƙofa da numfashi sama-sama, ya ɗora. A ƙarshe ya rubuta da manyan baƙaƙe: WANDA YA KWANTA BA YA TASHI. Ya tura zauren dangi na waya, ya harɗe ƙafa yana jiran yabo.

Ba a yi minti biyar ba gwaggon matarsa ta kira tana kuka.

"Wa ya rasu? Ku gaya mini, zan iya ɗauka!"

"Gwaggo, talla ce."

"Talla? Allah sarki Talla! Ɗiyar wa ce?"

Kafin ya gama da ita, wani kawu ya rubuto cewa ya riga ya hau mota. Can sai ga matar mai walda ta faɗo shagon ba ko takalmi, domin wani ya tura mata bidiyon kuma ta gane yatsun ƙafar mijinta. Ta tarar da shi zaune a kan katifa yana shan lemo. Ta fara da hamdala, ta ƙare da duka.

Yaya Babba ta kira. "Baban 'yan biyu, ka goge abin nan yanzu-yanzu."

"Yaya, mutum nawa suka kira ki?"

"Goma sha bakwai!"

"To kin gani? Tallar da ba ta sa an kira ba ai ba talla ba ce."

Ranar Alhamis aka shiga gwaji. Tsawa ya samo wata tsohuwar jita mai igiya huɗu, ya cike sauran biyun da wayar birkin keke, ya haɗa ta da lasifika ta hanyar wasu wayoyi da ya ciro daga cikin dutsen guga. Mai walda, wanda har yanzu kunnensa ɗaya a kumbure yake, ya jera bokitan fenti uku da murfin tukunya a matsayin ganguna. Tela ya rantse ba zai taɓa komai ba sai waya, don haka aka ba shi aikin ɗauka.

Bugu ɗaya suka yi layin ya watse. Kajin mai shayi suka haye rufi. Mai gidan haya ya ruga ya kashe wutar ginin gaba ɗaya, yana tsammanin mita ce ta kama. Mai kemis ya tsallako titi da ƙwayoyi biyu a tafin hannu yana tambayar wa ke naƙuda.

"Kun gani?" in ji Tsawa, yana share gumi. "Waƙa rabi, mutum talatin. Tsofaffin Banza ma da haka suka fara."

"Sun fara da mai kemis?" in ji Tela.

"Kai riƙe waya."

Da yammacin Juma'a matarsa ta tare shi a tsakar gida, hannu a ƙugu.

"Baban 'yan biyu, ina gashin kantina da ke cikin akwati?"

"Wane gashi?"

"Wanda jelarsa ke leƙowa daga jakarka."

Ya tura jelar ciki. "Aro na yi. Ba a rok da ƙwaryar kai a waje."

"Ita kuma ledar tsohuwar kujerar falo, wa ya feɗe ta?"

"Tela ya ɗinka mini rigar fata. Kujerar ai dama ta gaji."

Matar ta zauna a bakin baranda, ta sassauta murya. "Ka saurare ni da kyau. Duk guminta na shekara talatin Yaya ta zuba a shagon nan. Kuma a duk danginmu ita kaɗai ta rage mai cewa kana da hankali. Ita kaɗai. Gwaggo ta janye tun ranar Laraba. In ka kunyata ta gobe, ban san da wane ido zan shiga gidanta ba."

"Maman 'yan biyu, gobe war haka da kanki za ki riƙa cewa mijina ne."

"Ai matsalar ke nan. Kowa ya riga ya sani."

Asabar da hantsi aka faka motar ɗaukar kaya a ƙofar shagon, bayanta ya zama dandamali. An jera kujeru, an ɗaura balan-balan, dangi da abokan aikin Yaya Babba na da sun cika wuri. Tsawa ya ɗora fankoki uku a kan motar, har da ta Yaya wadda bai gama mayar wa da ragarta ba, don su riƙa kaɗa masa gashi kamar na 'Yan Suma. Sannan ya ja Tela gefe.

"Saurara. A ƙarshen waƙa ta uku zan juya wa jama'a baya, in buɗe hannuwa, in saki jiki. Su kuma su cafe ni a sama, su riƙa miƙa ni hannu zuwa hannu. Haka ake yi. Na gani sau ɗari."

Tela ya dubi jama'ar. Tsofaffin ma'aikatan jinya ne, sai kawu mai sanda, sai gwaggo da jakar magani a cinya.

"Wa ka ga zai cafe ka a nan?"

"Masoya ba sa barin gwaninsu ya taɓa ƙasa."

Ya faɗi haka da ƙarfi don na kusa su ji. Amma da ya ga Tela ya juya, sai ya lallaɓa cikin shago ya jawo wata katifa mai kauri, ya shimfiɗa ta a gindin motar, daidai inda zai faɗo, ya daidaita ta da ƙafa yana fito kamar ba ruwansa.

Yaya Babba ta yi 'yar gajeruwar godiya, aka yanke kirtani, aka tafa. Sai Tsawa ya hau mota. Rigar ledar kujera na ƙara duk motsin da ya yi, gashin kanti ya sauko masa har kafaɗa, ga baƙin tabaran walda a ido. Gwaggo ta dafa ta kusa da ita ta ce, "Wannan matar daga wane ɓangaren take?"

"Jama'a, kun shirya?" Tsawa ya daka tsawa a makirfo.

Kawu ya ce, "Mun shirya me?"

Abu na farko hayaƙi ne. A bidiyo, in ji Tsawa, ba a fara wasa sai hayaƙi ya turnuƙe dandamali, don haka ya tanadi kasko da garwashi da ɗanyen ganye a ƙasa, tsakanin motar da shagon. Mai walda ya zuba ganyen, fankoki uku suka kwashi hayaƙin suka tura shi kai tsaye cikin shagon. Baƙi suka shiga tari. Yaya Babba ta ga garwashi taku biyar daga soson katifa, ta saki salati, ta suri bokitin wanke hannu ta sheƙa wa kaskon. Rabin ruwan ya tafi kan motar, ya malale ƙarƙashin ƙafafun Tsawa, wanda ya riga ya tuɓe takalmi saboda mawaƙin Masu Ciwon Haƙori ma ba ya sawa.

"Yaya, kin kashe mini shiga!"

"Gara in kashe shiga da in kashe gobara. Yi kiɗanka ka sauka!"

Mai walda ya ƙirga uku, ya hau bokitai. Tsawa ya damƙi jita da jiƙaƙƙun ƙafafu, ya ja igiyar birki. Nan take wutar dutsen guga ta gaishe shi. Ya daka tsalle, kafaɗa ta karkace, gwiwoyi suka shiga haɗuwa da rabuwa, haƙora na kaɗawa a makirfo. Yana so ya saki jitar, ita ba ta so ta sake shi. Jama'a suka yi tsit, can sai wata tsohuwar ma'aikaciyar jinya ta fara tafi, saura suka ɗauka.

"Kai, ashe dai ya iya rawa!" in ji gwaggo.

Mai walda ne ya lura idon mutumin ya juye, ya sa ƙafa ya fizge wayar daga soket. Tsawa ya tsaya yana haki, hayaƙi na ɗan fita daga hannun rigar leda. Ya ji tafi. Ya dubi Tela.

"Mutum nawa ke kallo?"

"Ɗari biyu da sha ɗaya."

"Mayar da wayar!" in ji shi ga mai walda.

"Wallahi ba da hannuna ba."

Dole ya ci gaba da busasshiyar jita, ba lasifika, sai ƙarar igiya kamar ana jan ƙofar langa-langa. Don ya cike giɓi sai ya koma kaɗa kai irin na 'Yan Suma, gaba da baya, gaba da baya, yana matsawa baya ba tare da ya sani ba. Fankar Yaya marar raga tana nan tana jira. Ta cafki jelar gashin, ta naɗe, ta fizge shi ɗungurungum, ta yi juyi biyu da shi, ta wurga. Gashin ya yi sama ya sauka a cinyar kawu. Kawu ya miƙe, abin da bai yi da sauri haka ba shekara goma, ya rufe shi da duka da sanda yana kiran a kawo fetur.

"Kawu, nawa ne!" matar Tsawa ta yi ihu, sannan ta tuna mutane na ji, ta rufe fuska da mayafi.

Gwaggo ta dubi ƙwaryar kan da ke sheƙi a kan mota. "La! Ashe mijin 'yar nan ne."

Da mai hankali ne, da ya sauka a nan. Tsawa kuwa ya ga wuri ya hargitse, kowa a tsaye, kowa na ihu, sai ya ce a ransa ai wannan shi ne daidai abin da yake gani a bidiyo. Lokaci ya yi. Ya tsallake waƙa ta biyu da ta uku, ya ajiye jita, ya juya wa jama'a baya, ya buɗe hannuwa.

Ana cikin wannan hayaniya, wata dattijuwa, tsohuwar shugabar makaranta wadda ba ta zo kallon kowa ba, ta riga ta zaga shagon ta fito tana toshe hanci. Ta tsaya a gaban katifar da ke gindin mota, ta danna ta da yatsa.

"Wannan nake so," in ji ta ga Yaya Babba. "Na ciki duk warin hayaƙi suke."

"Ranki ya daɗe, ban ma san wa ya fito da ita ba."

"Ko wa ya fito da ita ya kyauta. Ku ɗauka."

'Yan dako biyu suka sunkuya suka ɗage ta. Mai raba lemo, wadda tun ɗazu take neman inuwa, ta ga wuri ya samu, ta jawo ƙaton bahonta mai cike da kwalaben roba da ruwan ƙanƙara ta ajiye a gurbin.

"Tsawa!" Tela ya ƙwala kira. "Katifar! An saye katifar!"

"Ku cafe gwaninku!" in ji Tsawa, ya saki jiki.

Jama'a suka dare gida biyu cikin ladabi, kowa na ba shi hanya.

Ƙarar da bahon ya yi har mai kemis ya ji daga can layinsu, in ji shi daga baya. Ruwa ya yi sama, kwalabe suka bazu a titi, ƙanƙara ta shige rigar leda ta wuya ta fito ta ƙugu. Tsawa ya nutse a bahon, ƙafafu da hannuwa a sama kamar kunkurun da aka kifar. Da ya samu numfashi, abin da ya fara fita daga bakinsa, kuma waya na ɗauka, shi ne:

"Wane azzalumin ne ya ɗauke mini katifa?"

"Wace katifa?" in ji Tela, yana matso da waya. "Ba masoya ne za su cafe ka ba?"

Wurin ya ɓarke da dariya. Kawu ya zauna a ƙasa yana riƙe ciki. Shugabar makaranta ta leƙa bahon ta saman tabarau ta ce, "Da ka tambaye ni, da na ce maka kada ka yi," ta bi katifarta.

Tsofaffin ma'aikatan jinya dai ba su manta aiki ba. Su shida suka zaro shi, suka tuɓe ledar, suka lalube ƙashi suka ce ba karaya, sai dai bayansa zai yi mako yana gaishe shi. Aka naɗe shi a bargo aka kwantar da shi a kan katifar nuni da ke jikin gilashin shagon, don ita ce mafi kusa. Ya buɗe baki zai yi bayanin cewa a manyan wasanni ma hakan na faruwa, matarsa ta ce in ya ƙara kalma ɗaya za ta kira fankar Yaya. Ya mayar da kai kan katifa. Ga gajiya, ga wutar da ya sha, ga laushin katifa. Minti uku bai cika ba ya fara minshari.

Masu wucewa da hayaniya ta tara suka taru a jikin gilashi suna kallo. Wani direba ya ce, "Mutumin da ya faɗo daga mota yanzun nan ne yake wannan barcin?" Ya shiga ya tambayi irin katifar. Wata mata ta bi bayansa. Yaya Babba, wadda ta riga ta fara hawaye a bayan kantar shagon, ta share ido ta fito. Har la'asar ba ta zauna ba.

Da Tsawa ya farka, shago ya yi rabi, matarsa na zaune a gefe tana tsefe abin da ya rage na gashinta. Ya ɗaga kai da ƙyar.

"Mutum nawa suka kalla?"

"Dubu tara," in ji Tela. "Amma sun fi son wurin bahon."

Tsawa ya dubi wuraren da katifu suka bari, ya gyara murya. "Yaya, me na gaya miki ranar Litinin?"

Yaya Babba ta daɗe tana kallonsa. "Baban 'yan biyu, Asabar mai zuwa ma ina son ka dawo."

"Kin ji ko, Maman 'yan biyu? Zan ƙaro lasifika biyu, in nemo..."

"Ba jita, ba hayaƙi, ba mai walda. Ka zo ka kwanta a nan daga hantsi zuwa la'asar. Yau na ga aikin da ka iya."

Tsawa ya ɗan yi nazari. "To amma da sharaɗi. Duk babban ɗan wasa ana kafa masa allo. Sai an rubuta wani abu a kaina, da manyan baƙaƙe, yadda na tsallaken titi zai gani."

"Wannan mai sauƙi ne," in ji Yaya Babba.

Ranar Asabar ya zo da sabuwar rigar barci, ya haye katifa yana ɗaga wa mutane hannu. Yaya Babba ta cika alkawari. A jikin gilashi, daidai saitin kansa, ta manna farin kwali da rubutun da na tsallaken titi ma ke iya karantawa:

DON GIRMAN ALLAH KADA A TASHE SHI.